Yadda Ake Shigar da Hauhawar Farashi Cikin Ƙiyasin Tanadin Diyyar da Ba a Gama Biya Ba

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin inshora da ke ɗaukar hatsarin motoci, gobara da raunin jiki, ba ma taɓa inshorar rai. Duk ƙarshen shekara muna ƙiyasta kuɗin da za mu keɓe domin diyyar da ba mu gama biya ba, kuma da hanyar tsanin sarƙa (chain ladder) muke amfani, wato hasashen abin da za a biya nan gaba daga yadda biyan shekarun baya ya riƙa ƙaruwa. Bana masu binciken asusu sun tambaye mu a ina muka shigar da hauhawar farashi. Wani abokin aikina ya ce mu ɗora kashin hauhawar da hukumar ƙididdiga ta fitar a kan jimillar, wani kuma ya ce babu buƙata domin lissafin ya riga ya ɗauke ta. Wane ne ke da gaskiya, kuma yaya ya kamata a yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa biyu: ko hanyar da kuke bi ta riga ta ɗauki hauhawar farashi a cikinta, sannan idan akwai abin da ya rage, nawa ne kuma a kan me za a ɗora shi. Kowanne daga abokan aikinka ya riƙe wani yanki na gaskiya. Mai cewa lissafin ya riga ya ɗauka yana da hujja, domin tsanin sarƙa yana kwashe hauhawar shekarun baya ya shimfiɗa ta a kan shekaru masu zuwa ba tare da kowa ya umarce shi ba. Mai cewa a ƙara shi ma yana da hujja idan gudun farashi ya sauya, sai dai abin da za a ƙara shi ne ratar da ke tsakanin hauhawar da ake tsammani da wadda ke kwance cikin lissafin tun farko, kuma alƙaluman hukumar ƙididdiga ba don auna diyya aka tattara su ba. A ganina masu binciken asusunku sun yi tambayar da ta dace, kuma amsar da za ta gamsar da su ita ce wadda ta zo da lamba: kashi kaza ke cikin lissafinmu, kashi kaza muke hasashe, ga bambancin a kuɗi.

Tushen matsalar

Kamfanin inshora yana karɓar kuɗinsa yau, amma ainihin tsadar alkawarin da ya ɗauka ba ta bayyana sai bayan watanni ko shekaru. Tanadin diyya ya haɗa da fayilolin da aka buɗe ba a rufe ba, da ƙarin da waɗannan fayiloli za su yi kafin a rufe su, da hatsarin da ya riga ya faru amma rahotonsa bai iso ba, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa da haruffan IBNR, sannan da kuɗin gudanar da aikin biyan kansa. Mafi yawan waɗannan za a biya su ne da farashin ranar biya, alhali kuɗin inshorar da aka karɓa domin su an yanke shi tuntuni kuma ba a komawa a ƙara.

Masana lissafin inshora sun fara ɗaukar wannan batu da muhimmanci ne a shekarun 1970, lokacin da hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 24 cikin 100 a 1975, a Amurka kuma ta kai kashi 13.5 a 1980. Daga baya manyan kasuwannin inshora suka shiga dogon zamani na kwanciyar farashi, tun daga tsakiyar shekarun 1990 har zuwa 2020, sai aka yi sakaci da kayan aikin da aka ƙera a wancan lokaci. Da farashi ya sake tashi, Amurka ta ga kashi 9.1 a watan Yunin 2022, ƙasashe masu amfani da kuɗin Yuro suka ga kashi 10.6 a watan Oktoba, Birtaniya kuma kashi 11.1 a wannan wata. A Disambar 2022 hukumar EIOPA, mai sa ido kan inshora a Tarayyar Turai, ta fitar da sanarwa ta musamman kan yadda ya kamata kamfanoni su lura da hauhawar farashi a tanadinsu. Tambayar da aka yi muku, ke nan, ana yin ta a ko'ina.

Abin da ke ɓoye cikin tsanin sarƙa

Ka ɗauko jadawalinku na diyyar da aka biya, mai siffar alwatika. Kowane layi na kwance shekarar hatsari ce, kowane layi na tsaye kuma yana nuna shekara ta nawa ke nan bayan hatsarin. Akwai hanya ta uku ta karanta shi, wato a karkace. Kuɗin da aka biya a 2022 kan hatsarin 2022, da wanda aka biya a 2022 kan hatsarin 2021, da wanda aka biya a 2022 kan hatsarin 2018, duk suna kan layin karkace ɗaya, domin a shekara ɗaya suka fita daga asusu. Hauhawar farashi ta wannan layi take bi. Ba ruwanta da shekarar da hatsari ya faru, duk fayil ɗin da ke buɗe a lokacinta sai ta taɓa shi. Tsanin sarƙa kuwa da layin kwance da na tsaye kaɗai yake aiki, babu gurbin layin karkace a gininsa. A nan gizo ke saƙa.

Idan jimillar abin da aka biya a ƙarshen shekarar farko 100 ce, a ƙarshen ta biyu ta zama 150, adadin ninkin ya zama 1.5. Wannan ƙarin 50 an biya shi ne da farashin shekara ta biyu, saboda haka hauhawar wannan shekara tana cikinsa. Da ka ɗauki matsakaicin ninkin na shekaru da dama ka yi hasashe da shi, ka ɗauka ke nan cewa hauhawar gaba za ta yi daidai da wani matsakaicin hauhawar baya, wanda manyan shekaru suka fi rinjaye a cikinsa. Muddin hauhawar ba ta sauya gudu ba, ko kashi 2 ce ko kashi 12, hasashen zai tafi daidai. Sauyin gudu ne ke karya lissafin.

Kuma yakan karya shi ta fuska biyu, wanda shi ne abin da na fi so ka riƙe. Idan jadawalinku na shekaru goma ne, tara daga ciki na kwanciyar farashi, ta ƙarshe kuma ta tashin farashi, matsakaicin dukan shekarun zai narkar da shekarar ƙarshe, ya ba ku tanadin da bai kai ba idan tsadar ta ɗore. Idan kuwa kuka ce za ku bi zamani kuka ɗauki ninkin shekaru biyu ko uku na baya-bayan nan kaɗai, kun ɗauka ke nan cewa wannan gudu zai ci gaba har ranar da za a rufe fayil na ƙarshe, wanda a diyyar raunin jiki yana iya zama shekaru goma ko fiye. Na sha zama a tarurrukan da ake jayayya kan ko a ɗauki matsakaicin shekaru uku ko na biyar, alhali abin da ake jayayya a kai a haƙiƙa shi ne hasashen farashin gaba, amma babu wanda ya furta shi da sunansa, balle a rubuta lambarsa a rahoto.

Wace hauhawa ce ta shafi diyya?

Ma'aunin farashin kayan masarufi yana auna kwandon abin da iyali ke saya ne. Kamfanin inshora kuwa abin da yake saya daban ne: kayan gyaran mota da ladan makaniki da mai fenti, motar aro da ake bai wa mai inshora kafin a gama gyaran tasa, kayan gini da ladan magina, kuɗin asibiti, albashin masu jinya, ladan lauyoyi, da abin da alƙali ya yanke. Kowanne yana da gudunsa. A Amurka farashin motocin hannu ya tashi da fiye da kashi 30 cikin 100 a 2021, saboda ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ya rage ƙera sababbi, kuma wannan ya ɗaga diyyar motar da ta lalace gaba ɗaya nesa da abin da ma'aunin gama-gari ya nuna. Ƙari a kan haka, motocin yanzu suna ɗauke da kyamarori da na'urorin gano tazara a gaba da baya, ta yadda ƙaramin karo ke jawo babban gyara ko da farashin ƙarfe bai motsa ba. Inda ake shigo da kayan gyara daga waje, faɗuwar darajar kuɗin ƙasa takan isa garejin gyara kafin ta bayyana a ma'aunin hukuma. Bayan babban bala'i kuma, kamar guguwar Andrew a 1992 da Katrina a 2005 a Amurka, buƙatar magina da kayan gini takan yi tashin gwauron zabo a yankin na ɗan lokaci.

A diyyar raunin jiki da ta alhakin cutar da wani, akwai hauhawar da ba daga kasuwa take fitowa ba, daga kotu da majalisa take fitowa. A Ingila da Wales, idan kotu za ta biya wanda ya nakasa kuɗin kulawar tsawon rayuwarsa a dunƙule, tana amfani da ma'aunin rangwame da ake kira Ogden, wanda ke mayar da kuɗin shekaru masu zuwa zuwa darajar yau; duk lokacin da ma'aunin ya sauka, dunƙulen kuɗin yakan ƙaru. Tun 2001 yana kan kashi 2.5, sai a watan Maris na 2017 aka mayar da shi kashi 0.75 ƙasa da sifili. Wannan sauyi guda ya ɗaga manyan diyyoyi ƙwarai a dare ɗaya, har da na hatsarin da ya faru shekaru kafin nan. An sake daidaita shi zuwa kashi 0.25 ƙasa da sifili a Agustan 2019, sannan kashi 0.5 sama da sifili a Janairun 2025. Haka nan a 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta can, a shari'ar Thompstone, ta amince a ɗaure kuɗin jinyar da ake biya shekara-shekara da albashin masu aikin jinya maimakon ma'aunin farashin kaya. A Amurka kuma ana kokawa da girman abin da masu taya alƙali yanke hukunci ke bayarwa, da kuma kamfanonin da ke zuba jari a ƙararraki domin su sami rabo. Babu ɗaya daga waɗannan da za ka gani a rahoton hukumar ƙididdiga.

Akwai kuma tambayar da ake yawan tsallakewa: wace rana ce ke yanke adadin diyya? Motar da aka sace ana biyan darajarta ta ranar da aka sace ta, don haka jinkirin biya ba ya ƙara mata komai sosai. Alkawarin da aka yanke masa adadi tsayayye, ko diyyar da ta riga ta kai iyakar kuɗin da aka yi inshora a kai, hauhawa ba ta da sauran abin da za ta yi musu. Ginin da ake sake ginawa kuwa yana bin farashin lokacin aikin, raunin jiki yana bin ranar sulhu ko hukunci. Kafin ka ɗora kowane kashi, raba tanadin zuwa abin da farashinsa ya riga ya tsaya da abin da ke buɗe har yanzu. Abin da nakan yi shi ne in zauna da jami'an diyya mu warware kowane rukunin inshora zuwa sassan kuɗinsa, kashi nawa kayan gyara, kashi nawa lada, kashi nawa asibiti da lauya, sannan a nema wa kowane sashe ma'aunin da ya dace da shi a haɗa su bisa nauyinsu. Jami'in da ke karɓar takardun kuɗi daga gareji kullum yakan ga tashin farashi watanni kafin ya fito a alwatika.

Fito da ita fili

Hanyar da ta fi sauƙin bayani ga hukumar gudanarwa ita ce tsanin sarƙar da aka gyara da ma'aunin farashi. Za a fara da jadawalin abin da aka biya, a warware jimillar zuwa biyan kowace shekara daban. Sai a ɗaga kowane tsohon biya zuwa darajar kuɗin yau da ma'aunin da aka gina, a sake tarawa, a fitar da adadin ninki wanda yanzu babu hauhawa a cikinsa, a yi hasashen biyan gaba da kuɗin yau. A ƙarshe a ɗora wa kowane layin karkace na gaba hauhawar da ake tsammani a shekararsa. Amfaninta shi ne hasashen farashi ya fito ya zauna a layi guda da kowa zai iya gani ya ƙalubalanta. Rauninta kuma shi ne ta dogara da ingancin ma'aunin baya: idan ma'aunin da ka cire ya gaza ainihin hauhawar diyya, ragowar na nan cikin ninkin, kuma dole hasashenka na gaba ya kasance a kan ma'auni iri ɗaya da wanda ka cire, in ba haka ba za ka ƙirga wani yanki sau biyu ko ka zubar da shi.

Ga misali da lambobi na koyarwa kawai. A ce tsanin sarƙa ya ba ku tanadin miliyan 1,000, wanda za a biya cikin shekaru huɗu: 400, 300, 200 da 100, kowanne a ƙarshen shekararsa. A ce bincike ya nuna hauhawar da ke kwance cikin jadawalin kashi 3 ce, ku kuma kuna tsammanin kashi 8 a dukan shekarun huɗu. Ratar kowace shekara ita ce 1.08 a raba da 1.03, wato kusan 1.0485. Biyan farko zai zama 419.4, na biyu 329.8, na uku 230.6, na huɗu 120.9, jimilla kusan 1,101. Da an bi shawarar abokin aikinka an ɗora kashi 8 ɗungurungum shekara bayan shekara, da an sami kusan 1,170, wato ƙarin kusan miliyan 69 da aka ƙirga sau biyu. Da kuma an bar lissafin yadda yake, da tanadin ya gaza da miliyan 101. Ka lura da wani abu: ko da tashin na shekara ɗaya ne kacal, kashi 8 a shekarar farko sannan a koma kashi 3, tanadin zai zama kusan 1,049, domin raguwar gudun hauhawa ba ta dawo da farashi inda yake, dukan biyan da ke bayan wannan shekara a kan sabon matakin za a yi su. Daga misalin za ka iya ciro ma'aunin gaggawa: matsakaicin jinkirin biya a nan shekaru 2 ne, ratar kuma kusan maki 5 (daga kashi 3 zuwa kashi 8), sai ƙarin ya zama kusan kashi 10. Rukunin da matsakaicin jinkirinsa ya kai shekaru 6, maki ɗaya kacal zai motsa tanadinsa da kusan kashi 6.

To ta yaya za a san kashi nawa ke kwance cikin jadawalin? A nan ne hanyar rarrabewa ke da amfani, wadda masanin lissafin inshora Verbeek ya gabatar a 1972, Greg Taylor kuma ya faɗaɗa ta a 1977 domin kuɗin diyya. Ana raba biyan kowane gurbi da yawan diyyoyin shekarar hatsarinsa, sannan a ɗauka cewa abin da ya rage ya samu ne daga ninka abubuwa biyu: kason da ake biya a wannan mataki na ci gaba, da ma'aunin shekarar biya. Tun da jimillar kason matakai dole ta zama 1, ana iya warware lissafin daga layin karkace na ƙarshe a koma baya, a fito da ma'aunin kowace shekara daga bayanan kamfanin kansa. Ina son wannan hanya a matsayin madubi, sai dai duk abin da ya faru a shekarar biya tana zuba shi ne cikin ma'auni guda. Idan kun ƙara ma'aikata kuka hanzarta rufe fayiloli, za ta nuna kamar farashi ya tashi. Idan kotuna suka tsaya, kamar yadda ya faru a wurare da yawa a 2020 lokacin annobar Korona, za ta nuna kamar farashi ya faɗi, sannan ya yi tsalle da aka koma aiki. Saboda haka sai a haɗa ta da duba saurin rufe fayil, kuma gyare-gyaren da Berquist da Sherman suka tsara a 1977 domin irin wannan sauyi har yanzu suna aiki. Akwai kuma iyaka ta lissafi da ba ta da magani daga cikin alwatika: shekarar biya ita ce shekarar hatsari a tara da shekarar ci gaba, don haka ba za a iya raba tafiyar ukun da juna ba sai an kawo ma'auni daga waje, kamar yawan diyyoyi ko yawan motocin da ke ƙarƙashin inshora.

Idan kuna da ƙidayar fayiloli mai kyau, raba lissafin zuwa yawan diyya da matsakaicin kuɗin kowace diyya ya fi komai nuna gaskiya, domin hauhawa a matsakaicin kuɗi take zaune. Shekarar da hatsari ya ragu amma kowanne ya ƙara tsada tana iya bayyana lafiya lau a jimilla.

Jadawalin da ya haɗa abin da aka biya da ƙiyasin jami'an diyya yana da wuyar gyarawa, domin ba a san da farashin wace rana kowane jami'i ya rubuta ƙiyasinsa ba. Wani yana sabuntawa duk wata, wani sai takardar kuɗi ta iso. Idan kun ba da umarnin a ɗaga dukan ƙiyasin fayiloli bana, layin karkace na ƙarshe zai kumbura, tsohon ninki kuma zai sake ninka wannan kumburi. Game da shekarun baya-bayan nan da yawancin diyyarsu ba ta bayyana ba tukuna, inda ake amfani da hanyar Bornhuetter da Ferguson ta 1972, matsalar tana cikin kason asara na farko, wato kason kuɗin inshorar da aka yi tsammanin zai tafi a diyya, wanda ake ɗauka daga tsarin kasuwanci. Idan an yanke shi kafin farashi ya tashi, dole a sake gina shi: a ɗaga asarar shekarun baya zuwa farashin da za a biya, a kuma daidaita kuɗin inshorar da aka karɓa zuwa farashin da aka sayar a shekarar da ake magana.

Abin da ke biyo baya

Ku yi lissafin a kan jimillar diyya kafin cire rabon kamfanin da kuka sayi inshorar kariya a wurinsa, sannan ku lissafa rabonsa daban, domin hauhawa ba ta raba kanta daidai. Idan diyya 150 ce kuma ku ke ɗaukar 100 na farko, rabonsa 50 ne. Da farashi ya tashi da kashi 10, diyyar ta zama 165, rabonku bai motsa ba, nasa ya zama 65, ƙarin kashi 30. Wannan ya sa yarjejeniyoyi da yawa ke ɗauke da sharaɗin da ke ɗaga iyakar abin da kamfani ke riƙewa bisa ma'aunin farashi ko albashi, sai ka karanta taku ka gani. Ninkin nan yana juyowa kanku ne a alkawuran da mai inshora ke biyan wani adadi na farko da kansa: diyyar da ta wuce adadin tana girma fiye da hauhawar, ƙananan da a da ba sa kaiwa kuma sun fara kaiwa. Kuɗin gudanar da biyan diyya shi ma yana bin albashin ma'aikatanku da ladan masu tantance asara.

Sai batun mayar da kuɗin gaba zuwa darajar yau. Tsarin Solvency II na sa ido kan jarin kamfanonin inshora da ya fara aiki a Turai ranar 1 ga Janairun 2016, da ƙa'idar IFRS 17 ta rubuta asusun inshora da ta fara ranar 1 ga Janairun 2023, duk suna buƙatar a yi hasashen kuɗin da za su fita a zahiri sannan a yi musu rangwamen lokaci da kuɗin ruwa na kasuwa. Da manyan bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa, har na Ingila ya kai kashi 5.25 a Agustan 2023, rangwamen ya rage nauyin hauhawar a takardun kamfanoni da dama. Amma ban yarda da tsohuwar al'adar cewa a bar hauhawa a bar rangwame domin za su kashe juna ba. Wani lokaci kuɗin ruwa yana ƙasa da hauhawar diyya na shekaru a jere, kuma tsohuwar kadarar da kamfani ya zuba kuɗin tanadi a ciki darajarta ke faɗuwa idan kuɗin ruwa ya tashi. A nuna kowanne a layinsa. A ƙarƙashin IFRS 17 ma akwai bambanci a inda sauyin ke bayyana: hasashen da aka ɗaure da ma'aunin farashi ana ɗaukarsa a matsayin kasada ta fannin kuɗi, wanda kuma ya dogara da tsammanin kamfani kan farashin wasu abubuwa na musamman ba a ɗaukarsa haka. Wannan ka tattauna shi da masu binciken asusunku tun kafin rufe littafi.

Iyakar abin da lissafi zai iya

Game da hasashen gaba, nakan ɗauki hasashen babban banki da na kasuwa na shekara ɗaya zuwa uku a matsayin tushe, in ɗora ratar da tarihi ya nuna tsakanin hauhawar diyyar rukunin da ta gama-gari, sannan in sassauto a hankali zuwa matsakaici na dogon zango. Albashi yakan biyo bayan farashin kaya, hukuncin kotu kuma yakan biyo bayan albashi, saboda haka rukunin raunin jiki yana iya ci gaba da tsada bayan na mota ya lafa. Wannan duka hukunci ne na mai lissafi, kuma wani masani zai iya zaɓar lamba daban da hujja mai kyau.

Hanyoyin auna rashin tabbas da aka saba da su, kamar ta Thomas Mack ta 1993, sun ɗauka cewa shekarun hatsari ba su da alaƙa da juna, alhali hauhawa tana bugun dukansu lokaci guda, tana kuma bugun rukunai da yawa tare. Faɗin da suke nunawa yakan gaza a irin wannan yanayi. Saboda haka ku gabatar wa hukumar gudanarwa lambobi aƙalla uku: hasashenku na tsakiya, da tanadin idan hauhawar ta ɗara shi da maki 2 ko 3 na wasu shekaru, da kuma idan ta sauka da wuri. Duk wata uku ku kwatanta abin da aka biya da abin da aka yi hasashe, layin karkace bayan layin karkace. Idan dukan shekarun hatsari suka wuce hasashe tare a zangon wata uku sau biyu ko uku a jere, shekarar biya ce ke magana, sai a koma ga ma'aunin.

Ban ga jadawalinku ba, kuma idan rukuninku ƙanana ne, hanyar rarrabewa za ta fitar da ma'auni mai tsalle-tsalle da ba za a dogara da shi ba. A wannan hali ku ware manyan diyyoyi ku duba su ɗaya bayan ɗaya, ku haɗa ƙananan rukunai masu kama da juna, ku jingina da ma'aunan waje da takardun kuɗin da ke hannunku. Ku kuma duba abin da hukumar da ke sa ido a ƙasarku ta shar'anta kan rangwame da kan wanda zai sa hannu a rahoton tanadi, domin dokoki sun bambanta: a Amurka, alal misali, rahoton da ake miƙa wa hukuma galibi ba ya yarda da rangwame a tanadin irin wannan inshora sai a wasu keɓaɓɓun wurare.